Ranar da Aka Cire wa Tsani Takalmi

A garin nan in ka ce ƙwallo, to ta ƙafa kake nufi. Ta kwando kuwa, ko masu taksi ba su san inda zaurenta yake ba, sai ka ce musu bayan babban filin ƙwallon ƙafa, kusa da rumfar injin yankan ciyawa. Shekara goma sha tara Koci yana horar da ƙungiyar garin a zauren nan. Ƙungiya ce ta gaske, tana cikin babbar gasa, da rigunanta da lambobinta da 'yar motarta mai tari. 'Yan kallo ne dai Allah bai ba ta ba. Kujera dubu biyu, amma ranar wasa in an yi mutum goma sha ɗaya an yi taro, kuma a cikinsu har da matar Koci da ke zuwa da saƙarta, da wani tsoho da kowa ya san fanka ce ke kawo shi.

Wata Litinin da hantsi Manajan filayen wasa ya aika a kira Koci. Ko kujera bai nuna masa ba. Ya ture kofin shayinsa gefe, ya shimfiɗa wata faffaɗar takarda a kan tebur, ga zanen zauren nan sak, sai dai babu kwando ko ɗaya.

"Nan da nan da can, manyan talabijin za a kafa," in ji Manaja yana dangwala yatsa. "Gidan kallon ƙwallo zai koma. Wasa uku ya rage muku a gida, ko? To in a ukun nan ba ku cika mini ko rabin kujerun ba, kwandunanku sun sauka."

"Ranka ya daɗe, ƙungiyar da ba ta da zaure ai cire ta ake yi daga gasa."

"Na sani mana."

Koci ya tsaya baki buɗe, har ƙuda ya kusa samun masauki. Ƙarti goma sha biyu ne a hannunsa, kowanne sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, kuma ban da jefa ƙwallo a kwando babu sana'ar da suka iya. Ya fito ya sauka matattakala ya nufi gida.

A gida matarsa ta saurare shi tsaf, ba ta ko ajiye saƙar ba. "Baban yara, ka je wurin Yaya."

"Allah ya kiyaye."

"To zauna. In an rufe zauren sai ka riƙa tara mini dogayenka suna cire mini yanar gizo."

Yayan nata shi ne shugaban magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Bakanike ne, ana ce masa Lasifika, don in ya yi atishawa a garejinsa ana yi masa sannu daga tasha. Tun ranar da aka ɗaura auren ƙanwarsa ya ce a gaban jama'a, wai ta auri mai koya wa ƙarti zubar da shara a kwando. A ranar ne Koci ya rantse ƙafarsa ba za ta taɓa taka babban fili ba, kuma bai taka ba. Ku riƙe wannan, don nan ne ɓarakar take.

Da ya ga babu mafita, Koci ya haɗiye girman kansa ya tafi gareji. Ya tarar da Lasifika kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafu kawai a waje. Gangar magoya baya na rataye a bango, an ɗora mata tsumman mai. Ashe su ma suna cikin nasu baƙin cikin, wasa bakwai a jere ƙungiyarsu ba ta ci ko ɗaya ba.

"Yaya, barka da aiki."

"Wa nake ji? Mai kwando? Yau kuma hanya ce ta ɓace maka?"

Koci ya tsugunna ya zayyana masa komai. Lasifika ya yi tsaki daga ƙarƙashin mota. "Mutanena ba sa zuwa kallon ƙarti suna tafa ƙwallo. Ci muke nema, mijin ƙanwata. Rabon da in buɗe muryata har na manta. Ku sau nawa ake ci a naku?"

"Mu kaɗai, sau talatin. Wata rana arba'in."

"A shekara?"

"A yammaci ɗaya."

Sai aka ji sifana ta faɗi ƙasa. Lasifika ya turo kansa waje, goshi duk baƙin mai, ido kamar zai faɗo. "Rantse." Koci ya rantse. Lasifika ya miƙe ya sauko da ganga ya kaɗe ta. "Asabar ƙarfe nawa?"

Ranar Asabar tun kafin ƙarfe huɗu zaure ya cika har ana zama a kan matattakala. 'Yan wasan suka fito daga ɗakin sa kaya, kyaftin ɗinsu Tsani a gaba, da ya ga jama'a sai ya ja da baya ya taka na bayansa. "Koci, mutuwa aka yi?" Tsohon fanka kuwa an raba shi da kujerarsa, yana tsaye yana faɗa babu mai jin sa. Manaja na can sama da tabarau, ya kasa rufe baki. Koci ya ji ƙwalla ta cika masa ido.

Alƙalin wasa ya jefa ƙwallo sama, Tsani ya cafe. Nan take mutum dubu biyu suka miƙe da murya ɗaya: "Hannu! Hannu, rafali!" Sai da Lasifika ya hau kujera ya ce musu a nan halal ne, suka zauna suna gunaguni. Koci ya yi dariya, ya ce a ransa in dai wannan ce matsalar, da sauƙi.

Ba a yi minti ɗaya ba Tsani ya tashi sama ya danna ƙwallo cikin kwando.

Zaure ya yi tsit na ɗan ƙiftawar ido. Daga nan ganga ta tashi, kuma mutanen kujerun gaba suka zubo cikin fili kamar an fasa tanki. Kafin Koci ya ce wani abu, an ɗaga Tsani sama, ƙato mai tsawon ƙofa da rabi, ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu a kan kawunan mutane, yana ihu yana kiran uwarsa. Aka kai shi har layin ƙarshe aka dawo da shi aka dire. Ƙafarsa ta dama babu takalmi. Takalmin na can a kan wata doguwar sanda, ana rawa da shi.

Koci ya ruga wurin matarsa. "Mene ne wannan? Me suke yi?"

Ta dube shi, allurar saƙa a hannu. "Kai ba ka sani ba?"

"Na san me?"

"Innalillahi! Ai haka suke yi tun kafin a haife ni. Duk wanda ya ci, sai ya ruga wurinsu, su jawo shi ta saman shingen waya, su zagaya da shi, su ɗora takalminsa a sanda. Can wani sabo ake miƙa masa ya ci gaba. Na ɗauka kun yi maganar da Yaya!"

Duk garin, daga mai wankin mota har likita, babu wanda bai san wannan ba sai mutum ɗaya, wanda ya rantse ba zai shiga babban fili ba. Can kuma akwai waya tsakanin jama'a da fili, ana ci sau ɗaya a wata in an yi sa'a. Nan babu waya, kuma takalmin Tsani lamba hamsin da ɗaya ne, sai an yi odarsa daga nesa a jira wata biyu.

Koci ya kutsa ya kamo rigar Lasifika. "Yaya, don Allah! Da hannu fa ya ci!"

"Mu dai takalmi muka sani!" Lasifika ya faɗa, hawaye na zuba masa don daɗi.

Alƙali ya busa usur har wuyansa ya kumbura. Da ƙyar aka share fili, ya ba baƙi jifan kyauta, ya nuna wa Koci yatsa: in aka ƙara, zai tashi wasan. Tsani ya koma benci, ƙafa ɗaya a safa. Aka ci gaba. Baƙi suka ci, aka yi musu ihun tsiya. Sai ƙwallo ta faɗa hannun Guntu, wanda shi ne mafi gajarta a ƙungiyar amma duk da haka fankar ɗakinsu ta taɓa aske shi. Ya sami kansa shi kaɗai a gaban kwando. Nan aka ji abin da ba a taɓa ji daga bakin mai horarwa ba tun da aka ƙirƙiro wasan.

"Kada ka ci! Guntu, don girman Allah kada ka ci!"

Hannu ya riga ya saba. Ƙwallo ta shige, ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Guntu bai jira ba, ya cire takalminsa da kansa ya jefa musu, ya arce ɗakin sa kaya. Bai tsira ba, har can suka bi shi suka ɗauko shi.

Alƙali ya yi haƙuri ya sake ba da dama, don shi ma bai taɓa busa usur gaban taro irin wannan ba. A ci na uku, cikin turmutsutsu aka haɗa da shi aka ɗaga. Da aka sauke shi, hula a karkace, ya ɗauki ƙwallo ya sa a hammata ya fice. An tashi wasa a minti na huɗu, aka ba baƙi nasara.

Ranar Laraba takardar hukumar gasa ta iso. Koci ya buɗe ta a tsakiyar fili, 'yan wasa sun kewaye shi. Ya karanta sau biyu, sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Koci, mene ne?" in ji Tsani.

"An hukunta mu. Wasa biyu a gida ba tare da 'yan kallo ba."

Shekara goma sha tara suna wasa babu 'yan kallo ba wanda ya ce hukunci ne. Yanzu da kujerun nan ne za su cece su, an sa wa ƙofa kwaɗo, kuma wasa biyun nan su ne suka rage. Koci ya je wurin Manaja ya ce ai ya ga zaure ya cika. Manaja ya ce shi uku ya ce, bai ce ɗaya ba.

Asabar ta zagayo. Mai gadi ya tsaya a ƙofa, ya mayar da matar Koci da saƙarta, ya mayar da tsohon fanka yana tsine-tsine. Ciki babu kowa sai 'yan wasa da alƙalai, sai Manaja da ya shigo da ma'aikata biyu suna ja masa tef a jikin bango, ana wasa suna auna inda talabijin za ta zauna. Tsani na fama da takalmi ɗaya nasa, ɗaya na aro da aka yanke wa baki. Koci ko tsawa ya kasa yi. Yana kallon kwandunan kamar mai sallama da su.

Tsani ya ci na farko. Ƙarar ƙwallo a katako kawai aka ji. Sai wata murya daga sama ta ce, "An ci!"

Koci ya ɗaga kai. A tagogin sama, can kusa da rufi, fuskoki ne jere kamar an shanya su. Daga waje kuma wani irin ruri ya tashi, gilasai suka yi ta kaɗawa, tef ɗin Manaja ya kuɓuce ya nannaɗe da kansa ya mare shi a yatsa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Koci ya bi bayan Manaja zuwa ƙofa, ya leƙa ta kafaɗar mai gadi. Sai ya ga ikon Allah. Titi ya toshe har kwana. Mutane a kan tsani, a kan motoci, a kan rumfar injin yankan ciyawa, na sama na faɗa wa na ƙasa. Tunda babu ɗan wasan da za su cire wa takalmi, kowa ya cire nasa ya ɗaga, ga mutum fiye da dubu uku tsaye da safa a kan kwalta. Matar Koci na kan rufin motar Manaja tana saƙa, tsohon fanka na gefenta yana fifita da kwali.

Lasifika ya matso, sandar nan a kafaɗa, takalmin Tsani na lilo a kanta. "Manaja! An ce talabijin za ka kafa mana a ciki?"

"Don ku ne ai. Ku riƙa kallon ƙwallo a inuwa."

"Mu muka ce maka muna so? Wa zai zauna a gabanta in ba mu ba? To ka ji da kyau, ka cire kwandon nan, ko mutum ɗaya ba zai shigo ba. Kai da talabijin ɗinka ku kalli juna. Wasa takwas yanzu ba mu ci ba a can, nan kuwa yau kaɗai na ƙirga goma sha tara, muryata har ta dushe!"

"Sharaɗina shi ne a cika kujeru," in ji Manaja, amma muryar ta yi ƙasa.

"Buɗe ƙofar ka gani."

Manaja ya dubi titi, ya dubi rufin motarsa da ya lotsa, ya dubi Koci. Ya daɗe yana tsotsar yatsan da tef ya mara. Daga ƙarshe ya juya ya ce wa ma'aikatansa, "Ku bar awon bangon. Ku auno mini waya, daga wannan kusurwa zuwa waccan, mai tsayi. Wadda ƙato ba zai tsallake ba."

Koci ya rungume mai gadi don murna. Bai kai ga sakin sa ba Lasifika ya zuro kai ta ƙofa.

"Mijin ƙanwata, gobe muna da wasa a babban fili. Na ajiye maka kujera kusa da ganga."

"Yaya, ka san na rantse."

"Sai ka yi kaffara. In kana son takalmin yaronka, can za ka karɓe shi."

Koci ya waiwaya ya ga Tsani tsaye a bayansa, babban yatsa a waje ta bakin takalmin aro, yana kallonsa kamar maraya. Ciki alƙali ya busa usur a dawo fili.

"Ƙarfe nawa?" in ji Koci.