Babban Yatsan Malam Badaru

Wayar ta sake ɗaukar kiɗa daidai lokacin da maza suka kare ƙofar ɗakin Malam Badaru da tabarma za a fara yi masa wanka. Kiɗan kuwa ba na gidan mutuwa ba ne, wani kiɗan bikin Ibo ne da jikarsa ta saka masa da ta zo hutu, shi kuma ya rasa yadda ake cirewa. Matan da ke zaune a tsakar gida suka juyo suna duban Zuwaira, don a hannunta wayar take. Kunya ta rufe ta. Ta danna nan ta danna can, kiɗa bai fasa ba. Sai ta danne maɓallin gefe ta ƙi saki, wani jan abu ya fito, ta taɓa shi, fuskar wayar ta yi baƙi.

"Yawwa," in ji tsohuwa Iya Mansura. "Allah Ya yi miki albarka. Bawan Allah ya huta da kira."

A ɗakin Zuwaira wayar take kwana, domin ita ce mai ɗan solar caji a wannan gidan haya na unguwar Ogui, a nan ƙasar Ibo, inda kusan kowa albasa ko tattasai yake sayarwa a Kasuwar Artisan. Malam Badaru kaɗai ne ɗan boko a cikinsu, malamin ƙididdiga a jami'a, iyalinsa suna Gombe. Yakan ce da ya fara koyarwa ya san sunan kowane ɗalibi har da garinsu, yanzu kuwa aji ya cika ya batse, wasu a kan taga suke ɗaukar darasi, malami dai shi ɗaya. A buhunan albasa yake kwaso takardun jarrabawa, har Zuwaira takan tsokane shi da cewa shi ma ya zama ɗan kasuwa, sai dai hajarsa ba ta da mai saye. Yau bai fito sallar asuba ba. Da aka tura ƙofa, aka same shi zaune a kan darduma, ya jingina da bango, jiki ya yi sanyi.

Rana ta ɗaga sosai sa'ad da keke ya tsaya a ƙofar gida, Madam Ann ta shigo da sauri. Sakatariyar sashensu ce, 'yar Kudancin Kaduna. Ta yi gaisuwa idonta jawur, sannan ta ja Zuwaira da 'yarta Rahinatu, wadda ke ajin Malam a jami'a, gefen rijiya.

"Maman Rahinatu, ki yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne. Wayar Oga tana ina?"

"Tana wurina. Lafiya?"

"Bai tura maki ba. Yau da ƙarfe huɗu ake rufe fotal, wurin da malamai ke shigar da sakamako. Makin jarrabawa muna da shi a takarda, amma na gwajin aji, kusan rabin makin ke nan, babu shi ko'ina sai a wayarsa. Ya daina ba kowa tun da aka kama wani yana canja wa yara maki. In ba a shigar ba, na missing result be that, sai baɗi."

Rahinatu ta dafa bakin rijiya. Zuwaira ba ta yi boko ba, amma wannan kalmar ta san ta kamar sunanta. Bara ita ce ta hana Rahinatu kammala karatu, sakamakon wani darasi ya ɓata, aka ce ta maimaita. Kafin nan rashin lafiya ya ci mata shekara guda. Jami'a kuwa tana da iyakar shekarun da ɗalibi zai yi, kuma wannan ce ta ƙarshe ga Rahinatu. Ga sauran ɗalibai jira ne. Ga 'yarta, kora ce hannu rabbana, babu takarda.

"Ba za a duba ba, tunda mutuwa ce?" in ji Zuwaira.

"Za a rubuta, a kafa kwamiti. Wata nawa? Ni dai na ga waɗanda aka manta da su a haka."

"Mama, da yatsa take buɗewa," Rahinatu ta ce a hankali, ba ta iya duban uwarta ba. "Babban yatsansa na dama. Na sha ganin Baba Malam yana buɗewa."

Su uku suka dubi tabarmar da aka kare ƙofa da ita. Ana jin ƙarar ruwa yana zuba daga buta.

Jiya da yamma Zuwaira ta kai masa kunun gyaɗa, ta tsaya tana zagaye-zagaye. "Malam, 'yar taka dai ta tsallake ko?" Ya yi dariya ya ce, "Zuwaira, kunun nan na zumunci ne ko na cin hanci? Ni ko sunan mai takarda ba na dubawa. Gobe in na tura kowa zai ga nasa." Ta ce masa wallahi taurin kansa ya fi na kanwa, ya ce ya ji, a ƙaro sukari. Haushinsa ta ji a lokacin. Yanzu da ta tuna, sai hawaye ya zubo mata, don ta san da mutum irinsa ba za ta sake zama ba.

Ta share fuska, ta ratsa tsakar gida. Mace ba ta zuwa inda maza ke wankan gawa, kowa ya sani, shi ya sa maganar mata ta ɗauke ɗif. Ta tsaya a bayan tabarma ta yi sallama. Bappa Idrisu, dattijon da ke yi wa mamatan unguwa wanka, ya leƙo, hannun rigarsa a naɗe.

"Zuwaira, me ya kawo ki nan?"

Ta faɗa masa. Fuskarsa ta canja.

"Subhanallahi. Gawa amana ce a hannunmu. In kama hannun mamaci in manna a waya? Mun ɗaure haɓa, likkafani ya rage. Ana sallar azahar za mu tafi da shi."

"Bappa, ba dukiyarsa nake nema ba. Haƙƙin yara ne a ciki, ɗaruruwa. Shi da bakinsa ya ce yau zai tura."

"Yaran, ko 'yarki?"

"'Yata," in ji Zuwaira. "Ba zan yi maka ƙarya a gaban gawa ba. Amma ka fi ni sanin Malam. Zai so ya kwanta da haƙƙin wani a wuyansa?"

Bappa Idrisu ya dubi ƙasa. Daga ƙarshe ya goge hannu a jikin rigarsa ya miƙo. Ta ciro wayar daga cikin hijabi, ta danna mata maɓalli ta kawo haske, ta ba shi. Ya saki tabarma.

Ba ta koma ta zauna ba. Rahinatu ta zo ta tsaya a bayanta, ta riƙe gefen hijabinta kamar lokacin da take ƙarama. Madam Ann tana ta duban agogon hannunta. A ciki sai ƙus-ƙus na maza, da muryar Bappa yana bismillah.

Da ya fito, kai yake girgizawa.

"Mun gwada dama, mun gwada hagu, Allah Ya yafe mana. Wani Turanci take rubutawa. Ke, karanta."

Rahinatu ta karɓa. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Lamba take nema. Wai tunda an kashe ta an kunna, yatsa ba zai yi ba sai an sa lambar sirri." Ta ɗago kai. "Who off am? Wa ya kashe ta?"

"Ai mamarki ce, 'yar albarka," in ji Iya Mansura daga kan tabarmarta, da zuciya ɗaya. "Ita ta rufa mana asiri da wannan kiɗan."

Zuwaira ta dubi wayar a hannun 'yarta. Rahinatu ta dube ta, duba ɗaya, ta kau da kai, kuma wannan ya fi wa Zuwaira ciwo fiye da a ce ta yi mata ihu.

Madam Ann ta kira Gombe. Matar Malam tana kuka ta ce ita ko taɓa wayarsa ba ta yi. Aka gwada shekarar haihuwarsa, wayar ta ƙi. Madam Ann ta ce kada a ƙara, in aka yawaita za ta kulle gaba ɗaya. Ta ce za ta je ta roƙi shugaban sashe, amma yadda ta faɗa, ita ma ba ta sa rai ba.

Aka kira azahar. Maza suka fito da makara a kafaɗa, suka sunkuya a ƙofar gida don kada ta bugi ginin, suka yi waje. Rahinatu ta bi su da ido har suka ɓace. Sannan ta shiga ɗakin uwarta, ta jona wayar a caji, ta ajiye ta inda take kwana kullum, kusa da fulas ɗin kunun da Zuwaira ta cika masa tun da asuba.

Can sai kiɗan bikin ya tashi daga cikin ɗaki, wani ɗalibin da bai ji labari ba yana kira. Matan tsakar gida suka sunkuyar da kai. Zuwaira tana zaune a bakin ƙofa, hannuwanta a kan cinya. Kiɗan ya yi ta yi har ya gaji ya tsaya, babu wanda ya taɓa wayar.