Barcin Motar Dramani

Tun Liman Abdul-Razak yana da baƙin gemu nake kai shi filin Idi. Kowace Sallah, ƙarama da babba, a Marsandina yake zama, kujerar baya ta dama, ni Issaka Direba ina riƙe da sitiyari, mutanen layinmu na unguwar Nima, nan Ghana, suna biye a ƙafa suna kabbara. Ba biyana ake yi ba, ba kuma sarauta ba ce. Amma duk mazaunin Zango ya san ba kowa ake ba ɗaukar Liman ba. Ni da ban yi boko ba, ban gaji gida ba, wannan ne rawanina.

Sai Dramani ya sayi mota.

Dramani maƙwabcina ne, ƙofarsa na kallon tawa. Na san shi tun ranar da ya sauko daga arewa da riga ɗaya, yana tura kura a Old Fadama yana tsintar ƙarafa. Allah ya buɗa masa a harkar ƙarfe, ban ce komai ba. Ya ɗora bene har ya tare mini iskar yamma, ban ce komai ba. Amma da aka shigo da motar nan layinmu, fara sol, ba salansa, ba ƙara, tana tafiya kamar kyanwa a kan katifa, aka ce wai ba ta shan mai sai lantarki, nan haƙurina ya ƙare. A garin da wuta ke zuwa ta gaishe ka ta koma!

Ranar barka, kamar yadda muka saba, aka shimfiɗa tabarmi, aka raba goro, Liman ya zo yin addu'a. Dramani ya tsaya can nesa da motar, ya ɗaga wayarsa sama yadda kowa zai gani.

"Alaji Issaka, duba! Daga nan zan gaya shi ya buɗe."

Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Motar tana nan kamar dutse, jama'a kuma sun zuba ido. 'Yarsa Ruhaina, wadda ke aikin jinya, ita ce kuma ta raka shi wurin dillalin motar, ta matso ta ce masa a hankali, "Baba, barci take. In an bar ta ba a taɓa ba, takan kashe kanta don kada ta ci wuta a banza. Ka ɗan jira, za ta farka."

Kunnena ya kama. Na ce, "Barci? Dramani, mota ka sayo ko gimbiya? Sai an tashe ta, ta yi miƙa, ta yi hamma? To a aika a sayo mata koko da ƙose mana, kada ta tashi da yunwa."

Tabarma ta ɗauki dariya. Can motar ta yi ƙyas, fitilunta suka ƙifta, hannayen ƙofa suka fito daga jikinta. Amma dariya ta riga ta gama aikinta. Na ga fuskar Dramani ta ɓaci. Gaskiya na faɗa, ita kuwa gaskiya ɗaci gare ta.

Sai dai Liman ya shiga cikin motar don ya tofa addu'a, ya daɗe bai fito ba. Sanyi ya ratsa shi, gwiwoyinsa masu ciwo suka sami wurin miƙewa. Bayan kwana kaɗan ya tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan La'asar.

"Issaka, Dramani ya roƙi alfarma. Yana so ya kai ni Idin Layya bana. Ka san gwiwar nan."

Na ce, "Allah gafarta Malam, yadda ka ce."

Na koma gida na zauna gaban abinci ban taɓa ba. Hajiya Fatu, matata, ta leƙo ta ce, "Alhaji, waken ya huce. Da girmanka kake gaba da ƙarfe?"

Na ce, "Wa ya ce miki ina gaba?"

"Ba kowa. Cokalin ne na ga ka lanƙwasa."

Shi kuwa Dramani, maganata ta zauna masa a ciki. Ya rantse motarsa ba za ta sake kunyata shi da barci ba. Ya kafe ta a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, ya ƙi fita da ita, wai kada tirotiro, motar haya, ko mai babur ya goge ta kafin Sallah. Amma bai bar ta ta huta ba. Yana shago ya danna waya. Ya sallame salla ya danna. Baƙo ya zo daga unguwar Madina yin barka, ya danna masa ya gani. Mai sayar da burodi ta tsaya kallo, ita ma a nuna mata. Ni ina kan bencina, motar tana gabana, ina ji: ƙyas. An jima kaɗan, ƙyas. Kamar mai zazzaɓi yana juyi a kan gado. Duk lokacin da ta fara lumshe ido sai ya tsikare ta, kuma kullum ya danna sai ya waigo wajena.

"Alaji, ka gani? Bai barci!"

Ruhaina ta yi masa magana a gabana. Ta ce dillali ya ja kunne, duk farkawa tana cin wuta, kuma motar da ba a tafiya da ita ba ta mayar da abin da ta ci. Ya ce ta je ta yi wa marasa lafiyarta allura.

Ni ma na yi magana. Na daɗe a kan titi, daga nan har Yamai, na san duk abin da ya buɗe ido sai ya ci. Na tsallaka kwata na same shi.

"Dramani, ka bar motar nan ta yi barci. Ko jaki ba a hana shi kwanciya."

Ya dube ni daga hula har takalmi, ya yi dariya.

"Massa, ranan kai ka ce barcinshi ya yi yawa. Yau ka ce a bar shi ya yi barci. Wanne zan ɗauka?" Ya tura mini wayar a hanci. "Duba batir. Ya cika tim! Hassada ga mai rabo taki ne, Alaji."

A gaban mai shayi ya faɗa mini haka. Ni! Na ce, "Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho." Na koma bencina. Abin takaicin, har mai shayin ya ɗauka baƙin ciki ne ya sa ni magana.

Akwai wata al'ada da ni na kafa ta. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun jajibere ake kawo kayan Liman a sa a mota a kulle: alkyabbarsa, sandar huɗuba da ya gada wurin mahaifinsa, da wuƙar yanka. A Idin Layya wuƙar nan ita ce gaba, domin ba wanda zai kwantar da ragonsa a unguwa sai Liman ya yanka nasa a fili. Da yammacin jajibere na hango ladan ya taho rungume da kayan. Ƙafarsa ta saba, ta kawo shi har ƙofata. Ya buɗe baki zai yi sallama, sai ya tuna. Ya ce, "Af, Alhaji, yi haƙuri," ya juya ya tsallaka. Ina kallo aka shimfiɗa alkyabbar a kujerar baya ta farar motar. Ƙyas.

Duk da haka da asuba na wanke Marsandina. Ba don komai ba, Sallah ce.

Hantsi ya fara ɗagawa, layi ya cika da farar shadda da kukan raguna. Liman ya fito da 'yar shara, aka ba shi kujerar roba. Dramani ya fito cikin sabuwar riga tana ƙyalli, ya ɗaga waya. Ya danna.

Shiru.

Ya yi murmushi ya ce, "Yana zuwa." Muka jira. Ya danna, ya girgiza wayar, ya manna katin motar a jikin ƙofa. Hannayen ƙofar suna nutse cikin jikinta, ba inda za ka kama. Ya buga gilashi da tafin hannu kamar mai tashin ɗa sallar asuba. Wannan karon ba barci ba ne, suma ce.

Ruhaina ta kira dillalin a waya, can unguwar Malam, ta dawo tana cizon leɓe.

"Baba, batir biyu ne. Babban da kake gani a waya yana nan cike. Akwai ƙarami, irin na kowace mota, shi ke buɗe ƙofa, shi ke tashin babban. Shi ka cinye da danne-danne."

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na taka a hankali, ba gaggawa, na buɗe ƙofar baya ta Marsandi, na kakkaɓe kujerar da hulata.

"Bismillah, Allah gafarta Malam."

Liman bai motsa ba. Ya ce, "Issaka, sandata fa? Wuƙata fa?"

Suna nan muna hangensu ta gilashi. Wani ya ce a aro wuƙa wurin mahauta. Liman ya ce wuƙa ana aro, amma bai taɓa hawa huɗuba ba tare da sandar mahaifinsa ba, ba kuma yau zai fara ba. Aka aiko daga fili cewa sahu ya cika, rana na dukan mutane. Ladan ya sunkuya ya ɗauki dutse.

"A fasa gilashin kawai, a ɗauko."

Dramani ya rungume motar. "Wayyo, gilashinshi babu a Ghana!"

Na yi lissafi a tsaye, kuma lissafin mai sauƙi ne. In dutse ya sauka, kaya za su fito, motar tana nan a sume, Liman ya shiga Marsandi kamar kowace shekara. Ba sai na ce uffan ba. Shiru kawai zan yi.

Sai Ruhaina ta zo ta durƙusa a gabana, a cikin ƙura, da kayan Sallarta.

"Baba Alhaji, dillalin ya ce in aka ba ta wuta daga wata mota za ta tashi. Kai kaɗai ke da wayoyin jona batir a layin nan."

Ina da su. Suna but ɗina tun kafin a haife ta. Na dubi Marsandi, ƙofarta a buɗe tana jira. Na dubi ƙofar gidana, Fatu tana tsaye ta riƙe ƙugu. Ladan ya ɗaga hannu.

Na daka masa tsawa. "Ajiye dutsen nan!"

Kada wani ya ce don Dramani na yi. Direba ba ya tsayawa a fasa gilashin mota mai lafiya a gabansa, ko ta wace ce.

Na kawo hancin Marsandi daf da nata. Ruhaina, waya a kunne, ta nuna mini wani ɗan murfi a gaba, na ɓalle shi, na jona wayoyi biyu da ke ciki, bonet ya ɗaga. Ga ƙaramin batirin can a kusurwa, bai kai nawa girma ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na maƙala masa wayoyina, na taka totur, Marsandi ta yi ruri, baƙin hayaƙinta ya rufe sabuwar rigar Dramani. Ni ma hannun rigata ya sha baƙin mai. Muka jira, layi ya yi tsit, har raguna.

Ƙyas.

Hannayen ƙofa suka fito. Kabbara ta tashi har bakin babban titi. Ba wanda ya yi wa Marsandi kabbara.

Aka yafa wa Liman alkyabba, ya karɓi sandarsa, ya shiga baya ya miƙe ƙafa. Dramani ya zauna a sitiyari, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Mutumin da bai daɗe da koyon tuƙi ba, ga layi cike da yara da raguna. Ya taɓa wani abu, goge-gilashi ya hau aiki. Liman ya yi gyaran murya.

"Dramani, koma can gefe. Issaka, zo ka ja mu. Hannunka na sani."

Haka na shiga. Ruhaina ta leƙo ta taga ta nuna mini abin da zan murɗa, ba giya, ba kulaci. Na saki birki, muka zame. Duk shekarun nan, ashe ƙarar inji ta hana ni jin abin da Liman ke karantawa a baya. Ran nan na ji kowane harafi. Muka haura Mamobi, ramukan da ke kaɗa mini haƙora ta haɗiye su ba labari. Na nemi aibinta tun daga ƙofar gida har fili, da ido, da kunne, da tafin ƙafa. Da na samu, da na ji sauƙi.

Dramani yana gefena kamar fasinja. Da muka tsaya ya ce, "Massa, daɗi ko?"

Na ce, "Birkinta ya cika kamawa."

Liman ya yi huɗuba, ya yanka, unguwa ta yanka. Da zai koma mota ya ce a gaban kowa, daga yau haka za a riƙa yi: motar Dramani, hannun Issaka. Mutane suka yi ta yi mini barka. Na amsa, don ba a ƙin amsa barka.

Na dawo na tarar da Marsandi inda na bar ta. Fatu ce ta rufe bonet ɗin, ta rufe ƙofar bayan da ba wanda ya shiga. Da yamma Dramani ya aiko da cinyar rago. Na ce a soya.

Yanzu ya bar ta tana barci. In ka ga yadda yake korar mutane daga rumfar, yana ɗora yatsa a baki, sai ka rantse jariri ne a ciki. Ni kuma ina bencina, tana gabana, fara sol, ba ƙyas ba motsi. Jiya Fatu ta kawo mini shayi ta bi idona da kallo.

"Alhaji, kana jira ta sake suma ne?"

Na ce, "Jeki duba girkinki." Na tashi na buɗe but, na naɗe wayoyin nan da kyau, na sa su a sama inda hannu zai kai da sauri.