Kalmar Sirrin da Abdoulaziz Ya Bayar

Abdoulaziz ya ci amana. Bai saci kome ba, amma ya miƙa makullin abin da jama'a suka dogara da shi ga mutumin da bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Shekara huɗu ke nan da ya rubuta wani ɗan ƙunshin manhaja a ɗakinsa na unguwar Sabangali a N'Djamena, mai tura saƙon waya da Hausa da Larabci, ya saka shi kyauta a intanet. Masu rubuta manhaja a N'Djamena sukan ɗauka su liƙa cikin nasu aikin ba tare da sun karanta ba, don sun san mai shi. Cikinsu har da Safia, ɗiyar yayarsa, wadda ta haɗa wa wani asibitin mata a unguwar Abena manhajar tuna wa marasa lafiya lokacin shan magani.

Gyare-gyaren ƙunshin sun ishe shi. Sai ga wani mai kiran kansa Lukumanu yana aiko masa da gyara, mai kyau kuwa. Duk Juma'a sai ya gaishe shi, ya tambayi iyali. Rannan ya ce shi ma ɗan Maraɗi ne kamar Abdoulaziz, har ya ambaci unguwarsu. Abdoulaziz ya ba shi kalmar sirrin da ake fitar da sabon ƙunshi da ita. A wurinsa ba a bincikar ɗan gari.

Sabon ya fito ranar Talata, ya shiga manhajar asibitin da kansa. An cusa masa layi goma sha ɗaya masu kwashe duk saƙon da ya bi ta ciki.

Bayan sati biyu Safia ta same shi yana karin kumallo. Ba ta zauna ba.

"Kawu, wa ka ba makullin?"

"Wani ɗan garinmu ne."

"Ɗan wa?"

Ya ajiye kofin shayinsa.

"Mata ɗari uku, Kawu. Sunansu da cutarsu, ana sayarwa a intanet. An kira Hansatu mai tumatir ta kasuwar Dembé, an karanta mata sunan maganinta. Yau ba ta fito kasuwa ba."

Ya buɗe kwamfuta ya nemi Lukumanu. Babu shi, babu hotonsa. Gaisuwar Juma'a kawai ta rage a jere. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, bai ji kome ba. Ya ga ƙuda ya faɗa cikin shayinsa, ya zuba masa ido.

"Kyauta fa na yi shi," ya ce.

"Su ma kyauta suka yarda da kai."

Ta fita.

An goge ƙunshin daga intanet. Abokan sana'a suka cire lambarsa daga zaurensu na waya, babu wanda ya ƙara taɓa layi ɗaya da ya rubuta. Yanzu yana canza gilashin waya a bakin kasuwar Dembé, rumfa uku daga ta Hansatu, wadda har yau a rufe take.