Shirun Waƙar Ƙarshe

Dogo, mai yankan takarda, ya sauko da sipikar daga saman kabad ya dire ta a teburinta, a kan samfurin katin da take dubawa. Ya ce yau ranarta ce, babu gudu. Tunda Maigida ya buɗe mata kunne, ita ma sai ta buɗe musu nasu, su ji abin da take ɓoyewa a ciki.

Kurma suke kiranta a shagon ɗab'in tun makonta na farko, saboda iyafis ba ya barin kunnenta. Ita ke zana katuna da allunan talla a kwamfuta, can kusurwa, fuskarta ga bango. Jiya wani kwastoma ya tsaya a bayanta yana sallama har ya gaji ya fita. Anti, mai karɓar aiki a bakin ƙofa, ta kai maganar ga Maigida tun kafin mutumin ya tsallaka titi. Maigida ya hana iyafis, ya hau motarsa ya tafi rassansa.

Sipikar kuwa juyi ake yi da ita, kowa da ranarsa. Akwai doka a kanta, kuma Dogo ne ya kafa ta ranar da Anti ta kashe masa sharhin ƙwallo ana tsakiyar bugun fenariti: abin da mai rana ya sa, ba wanda zai taɓa sipika ko wayarsa sai ya ƙare, ko shi ya kashe da hannunsa. Wanda ya taɓa ya rasa juyinsa na wata. Kurma ba ta taɓa karɓar ranarta ba. Duk sanda ta zagayo sai ta ce ta yafe, Dogo ya haɗa da tasa.

Ta so ta sake yafewa. Anti ta riga ta, ta ce ƙila abin kunya take ji shi ya sa, masu shiru-shirun nan ai ba a shaidarsu. Injiniya, mai kula da babban injin buga alluna, ya yi dariya ba tare da ya juyo ba.

Ta haɗa wayarta. Tana iya sa abin da kowa ke ji a motar haya ta huta. Amma yatsanta ya saba da hanya guda, ya je ya danna albam ɗin da take ji tun shekararta ta ƙarshe a jami'a. A gida su huɗu ne a ɗaki da ƙannenta, ko ƙugiyar rataye jaka ba ta da ta kanta. Albam ɗin nan shi ne ɗakinta.

Waƙar farko ta fara da sauti siriri mai tsawo, kamar hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Sai ɗigo-ɗigon kiɗan na'ura, sai ganga mai taushi tana bugawa daga nesa kamar ta bayan bango. Muryar matar ta shigo a makare, ba ta sauri, an ninka ta a kan kanta har ta zama kamar mata da yawa masu numfashi ɗaya.

Injiniya ya dakatar da injinsa, ya durƙusa ya kara kunne a gefensa. Da ya miƙe sai ya ce Allah ya rufa asiri, ya ɗauka fanka ce ta fara ci. Dogo ya tambaya yaushe waƙar za ta fara. Da aka ce ai ta yi nisa, ya ce to matar yunwa take ji, a taimaka mata.

"Wannan kike ji har kwastoma ya tafi?" in ji Anti. "Da ma wa'azi ne sai in ce."

Kurma ta ci gaba da gyara harafin da ba ya bukatar gyara. A waƙa ta biyu akwai wurin da muryar ke hawa sama ta tsinke, kiɗan ya buɗe a ƙarƙashinta kamar ƙasa ta zame. Kullum a nan take rufe ido a cikin bas. Yau daidai wurin Dogo ya saki wuƙar yankan takarda, ƙaf, ya matse hancinsa ya kwaikwayi muryar. Ta san daga yau duk sanda ta zo wurin nan sai ta ji hancin Dogo. Wannan ya fi dariyar yi mata ciwo.

Wani dattijo ya shigo karɓar allon tallan makarantarsa na leda. Anti ta ba shi haƙuri tun bai ce komai ba, ta ce yarinyarsu ce mai digiri take koya musu wayewa. Dattijon ya dubi sipikar, ya dubi bayan Kurma, ya naɗe allonsa ya fita.

Daga nan suka koma lallashi mai ƙaya. Dogo ya ce sun ji, sun yaba, ta kashe haka nan kada daɗin ya yi musu yawa. Anti ta ce kanta na sarawa, kuma ko ba komai ta haifi kamarta. Ba wanda ya kai hannu. Kurma ta lura da haka: suna kewaya sipikar kamar kaskon wuta, kowa na jiran ita ta kashe. A duk zamanta a shagon ba a taɓa jiran wani abu daga hannunta ba sai aiki.

Ta ce a hankali saura kaɗan. Ba kaɗan ba ne.

Anti ta tuna da wani aike. Ta ce a kai wa mai shagon magani na ƙarshen layi samfurin takardarsa yanzu-yanzu, kuma wadda ta zana ce za ta kai. Dogo ya sunkuyar da kai yana murmushi, don ya san in waya ta yi nisa da sipika kiɗa ya yanke. Kurma ta ɗauki samfurin, ta gyara mayafinta, ta kife wayar a kan teburi ta bar ta nan.

Ta taka har ƙarshen layin. Mai maganin ya ce shi bai aika a kawo masa komai ba.

Da ta dawo sautin ya dusashe kamar daga cikin rijiya. Sun kifa kwalin takardu a kan sipikar, sun ɗora ragowar leda a sama. Dogo ya ɗaga hannuwa biyu ya ce a shaida, shi kwali ya taɓa. Ta kwashe ledar, ta ɗage kwalin ta ajiye a ƙasa, ta zauna. A karon farko ta juya kujerarta ta ba bango baya.

A haka ta ji waƙoƙin da suka rage. Ba ta taɓa jin albam ɗin a fili ba. Ashe akwai wani kauri a ƙasan kiɗan da iyafis ɗinta ba ya fitarwa, yana bi ta katakon teburi ya shigo mata gwiwar hannu. Muryar matar tana yawo tsakanin naɗaɗɗun leda da warin tawada, ba ta roƙon kowa ya so ta. Anti na tsaki, Dogo na buga wuƙarsa da ƙarfin da takardar ba ta bukata. Kurma ta bar su, ta bi muryar.

Waƙar ƙarshe ta sauka a hankali, gangar ta janye, siririn sautin nan ya ƙanƙance ya ɓace.

Anti ta yi hamdala da ƙarfi. Dogo ya goge hannu a wandonsa ya taho, wayarsa a hannu ɗaya, ɗayan ya miƙa wa sipikar.

"Bai ƙare ba," in ji Kurma.

Muryarta ta fito fiye da yadda ta yi niyya. Hannun Dogo ya tsaya a sama.

"Ke, ga shi ya yi shiru."

"Shirun a cikin waƙar yake. Taɓa ka gani."

Ya dubi Anti. Anti ta ce ƙarya take, rainin wayo ne kawai. Amma ba ta ce ya taɓa ba, shi ma bai taɓa ba, don wasan ƙarshe na kakar ƙwallo a cikin watan yake. Injiniya ya kashe injinsa ya ce bari a ji gaskiya. Shagon ya yi tsit. Ana jin fankar sama, ana jin hon ɗin motoci daga titi. Su ukun suka kafa wa sipikar ido, suka kasa kunne yadda ba su yi ba tun safe, kowa na jiran ya kama ta da ƙarya.

Shirun ya yi tsawo har ita kanta ta fara shakka. Ta damƙe gefen kujera.

Sai aka ji an ja numfashi. Muryar ta dawo ita kaɗai, babu ganga babu na'ura, kusa sosai kamar matar na tsaye a tsakaninsu. Ta rera ɗan abin da ya rage mata, ba tsawo, ta sauke. Ba wanda ya katse ta da ba'a, don ba wanda ya shirya.

Kurma ta cire wayarta da kanta. Ta miƙa wa Dogo sipikar.

Anti ta koma kujerarta tana jan takardu. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, gobe za ta yi wa Maigida magana a mayar wa yarinyar nan da iyafis ɗinta, kowa ya huta.

Kurma ta ce ta gode, amma Anti ta bar shi kawai. Sipikar ta fi fitar da ƙasan kiɗan. Sannan ta tambayi Dogo wace rana juyinta zai sake zagayowa.