Tayoyin Gaba na Motar Abdulghani

Motar tana ɗage a kan jek lokacin da Zaharadden ya leƙo garejin ranar Talata, ya tarar da wani a durƙushe a inda shi ya saba durƙusawa. Turki sunansa, ɗan ƙanwar mai gidan, wanda ke da babban gareji a unguwar da ake kira Madinar Masana'antu. Ya ɗaura wa motar sababbin wili faffaɗa a gaba, yana juya tayar da hannu yana murmushi.

"Shuf ya khali, duba kawu, ba ta taɓa komai," in ji shi da Hausarsa da ba ta nuna ba.

Abdulghani, mai gidan, yana zaune a kujerar roba, ciwo ya cinye shi har zobe na yawo a yatsarsa. Ya ce, "Sannu da aiki, Usta."

Kalmar ta soki Zaharadden a ƙirji. Shekara ashirin da biyu shi ake kira Usta a gidan nan, sunan da ake ba gwanin sana'a. Tun da ya zo umara daga Gusau ya maƙale, ya kama ɗaki jikin gidan Abdulghani a unguwar Bani Malik, ba wanda ya taɓa sa sifana a jikin wannan tsohuwar motar Amurka ƙirar 1970 sai shi. Ya san tarinta, ya san ranar da take tashi da fushi. Yau kuma an kira ɗan gata mai takardu, shi ko shawara ba a yi da shi ba. Kishi ne ya kama shi, ba wani abu ba, irin wanda mai furfura ke jin kunyar faɗa.

Nan take kuma ya ga ɓarnar. Turki ya yi awonsa ne mota na sama, taya na lilo. Da zarar an sauke ta nauyin injin ya zauna, aka murɗa sitiyari har ƙarshe, gefen tayar zai ci leɓen ƙarfen da ke samanta. Lungunsu kuwa matsattse ne, mota ba ta fita daga garejin sai an murɗa har ƙarshe.

"Zaharadden, ya ka gani?" in ji Abdulghani. "Tun ina saurayi nake so in gan ta da faffaɗan ƙafafu a gaba kamar na baya. Likita ya ce halas, ba sauran magani, in koma gida. To ranar Juma'a da la'asar a kai ni bakin teku a cikinta, in ga ruwa tukuna."

Maganar ta zo masa har leɓe. Sai Turki ya ɗago ya dube shi irin kallon da ake yi wa mai kawo shayi. Zaharadden ya haɗiye ta, ya ce, "Ai tun da Usta ya yi, ta yi."

Ranar Juma'a Mastura, 'yar Abdulghani, ta sauko da shi daga bene a hankali, ya sha farar riga gogaggiya har da turare. Aka zaunar da shi a gaba. Turki ya tada injin, lungu ya ɗauki ruri, mata suka leƙo ta tagogi. Ya ja da baya, ya murɗa sitiyari, sai ƙiii, ƙarfe ya kama roba. Maimakon ya tsaya, gogan naka sai ya ƙara wuta. Tayar dama ta yage ta fashe, motar ta durƙusa, rabinta a gareji rabinta a lungu.

A faɗi gaskiya, Zaharadden ya ji daɗi. Sanyi ya ratsa shi ganin Turki na zagaya mota yana zufa yana ta "kef, kef" da Larabci, wato yaya aka yi. Daɗin bai kai minti biyu ba, don ya hango Abdulghani bai motsa ba, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon bango. Sai da aka ciccibe shi aka mayar da shi sama.

Bayan magariba Mastura ta buga wa Zaharadden ƙofa, ta kira shi kawu da Larabci. "Ammi, Baba na kira."

Ya same shi kwance, ko farar rigar bai cire ba.

"Ka gani tun ranar Talata," in ji Abdulghani.

"Na gani, Alhaji."

"Na sani. Da ka ce ta yi, ba motar kake kallo ba."

Zaharadden ya sunkuyar da kai, amma cizon bai sake shi ba. "Shekara ashirin da biyu, Alhaji. Ko a ce mini, ga abin da za a yi?"

"Da na faɗa maka, da ka tafi Masana'antu da ƙafarka neman wili, ni na san ka. Kai ba iƙama, ba takardar zama, hanya ga masu bincike. So kake in mutu da labarin an kama ka saboda taya?" Ya tsaya ya nemo numfashi. "Ka gyara mini ita. Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu."

Kunya ta rufe Zaharadden har ya rasa ta inda ya fito daga ɗakin. Washegari shi da kansa ya kira Turki. Suka yi awo mota na ƙasa, ya nuna masa yadda ake neman wilin da zai shigar da tayar ciki kaɗan, ya naɗe leɓen ƙarfen da guduma da tsumma. Turki bai yi musu ba, ya zagaya shaguna kwana biyu har ya samo.

Ranar Litinin da hantsi Zaharadden ya gama ɗaura ta hagu, yana kan noti na uku a ta dama, sai ya ji salatin Mastura daga sama. Ba ihu ta yi ba, maimaitawa kawai take yi. Ya daɗe riƙe da sifanar kafin ya ajiye ta.

An kai Abdulghani makwancinsa bayan la'asar. Da aka dawo, masu jera kujerun ta'aziyya suka ce motar ta tare lungu, dole a shigar da ita. Zaharadden ya ɗaure notinan da suka rage, suka sauke jek. Turki ya shiga ya murɗa sitiyari har ƙarshe, dama da hagu. Zaharadden ya kwanta a ƙasa da kayan da ya je maƙabarta da su, ya zura hannu tsakanin tayar da ƙarfen. Yatsu biyu suka shige sakayau.

"Ta yi?" in ji Turki ta taga.

Zaharadden ya gyaɗa kai.

Ba wanda ya yarda ya tada injin. Su huɗu suka tura ta ciki a hankali, ko ƙara babu. Aka jera kujeru layi biyu har bakin titi, mai raba gahawa ya rasa wurin ajiye tire, ya ɗora shi a bayan motar tare da kwanon dabino. Zaharadden ya zauna a kujerar ƙarshe, baƙin mai a faratansa, yana miƙa wa masu gaisuwa hannu.