Darasin "If" a Ɗakin Malama Tahira

"Sake faɗa," in ji Malama Tahira, idonta a rufe.

Na sake. Ta girgiza kai a kan matashi, ta ce har yanzu ban ji abin da take gaya mini ba. Ina zaune a bakin katifarta, goyona yana barci, ƙafafunta da suka kumbura suna kan cinyata ina matsa mata. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata a ƙauyenmu da ke gefen Makoda. Ta daɗe tana koyar da Turanci a sakandaren 'yan mata kafin ta yi ritaya, ciwon ƙoda ya kwantar da ita.

Ni kuwa Turancin nan shi ya tsare mini hanya. Na faɗi shi a jarrabawar gama sakandare kafin aurena, na sake zama bayan haihuwar fari, na sake faɗuwa. In babu shi kuma ba zan shiga kwaleji a Bici ba. Maigidana Kamaruddeen ya ce jarrabawar bana ce ta ƙarshe. Ban ga laifinsa ba, ni ma na gaji.

Bayan la'asar nake shiga wurinta. Daga gona take ɗauko misalanta. Ta ce "If it rains, we will plant" magana ce ta mai sa rai, wanda ya ga hadari ya haɗu. "If it rained, we would plant" kuwa ta wanda yake tsakiyar rani ce, yana faɗa ne kawai, ya san ruwan ba ya kusa. Ta ukun ta abin da ya riga ya wuce ce, irin "da an yi kaza, da kaza ya faru." Wannan a gurguje ta koya mini ita. Ta ce ta ƙoshi da jin ta a bakin masu dubiya, kowa ya zauna sai ya ce da an kai ta Kano da wuri.

Da kaka ta kama, ko kunu ba ya zama a cikinta. Ƙanwarta Aina'u ta zo daga Rimin Gado tana jinyarta. Na so in daina zuwa da karatu, ta hana, ta ce ya fi mata kallon rufin ɗaki.

Ran nan ta ce in ƙirƙiro jimla tawa. Na tuna tana son dambu, na ce, "If you will get well, I will cook dambu for you."

"Cire will ɗin farko, Hafsatu. Ba ya bin if a nan."

Na cire, na sake faɗa.

"Ta yi daidai," in ji ta. Ta numfasa. "Amma ba ita ce tamu ba. Mayar da ita ta biyu."

Na gane nufinta. Na ce na manta yadda ake yi. Ta ce ba ta sauri, za ta jira. Aina'u ta tashi ta fita tsakar gida, na ji tana kwankwasa kwanuka ba gaira ba dalili.

"If you got well," na ce, "I would cook dambu for you."

"Yawwa. Yanzu kin iya."

Ta nemi in juya ta ɓangaren dama, na juya ta. Ba mu ƙara wani karatu ba ranar, haka ma washegari.

A kwana na uku da hantsi Malama ta cika, ina gona muna tsinkar gyaɗa. Kafin in iso an rufe ta da zane. Bayan azahar maza suka ɗauke ta.

Jarrabawar ta zo ana cikin zaman makoki. Na je na rubuta, amma sakamako bai fito ba tukuna. Aina'u ta tattara kayan ɗakin ta koma garinsu, ta bar mana tsohuwar akuyar Malama, ta ce Malamar ce ta ce a ba ni. Mun ɗaure ta a turke har ta saba, sannan muka sake ta.

Jiya da yamma awakinmu suka dawo kiwo babu ita. Na leƙa waje. Tana tsaye a ƙofar gidan Malama, kwaɗo a garƙame, tana tuƙa a hankali, tana jiran a buɗe.