Ruwan Gishiri a Cikin Jirgin Muhsin

Shekara huɗu Uwais yana tuƙa motar kafil ɗinsa Muhsin, maigidan da ya ɗauki nauyin zamansa a Doha, bai taɓa faɗa masa cewa a bakin kogi ya tashi ba, a Yauri, cikin jiragen masunta. Bakinsa ya suɓuce ne ranar da Muhsin ya sayi tsohon jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, daga hannun wani Bature da zai koma gida.

"Khalas, shi ke nan, na sami abokin tafiya!" in ji Muhsin. "Juma'a ta sama, ni da kai za mu kai shi Maskat."

Uwais ya ce to, don bai saba yi masa musu ba.

A tashar jiragen, Muhsin ya nuna masa wani ɗan faranti na ƙarfe da aka manna kusa da sitiyari. "Ka ga wannan A ɗin? D na tafki ne, C na kusa da gaɓa, B ya ɗan fi nisa. A kuwa na babban teku ne. Ko igiyar ruwa ta haura mita huɗu, ba ruwansa."

Uwais ya gyaɗa kai, ya sauka cikin jirgin. Ya ɗaga katakon daɓe ya tarar da ruwa kwance, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya dangwala ya lasa. Gishiri. Manyan notocin da ke ƙasan duk sun yi jajir da tsatsa.

Daga ranar bai ƙara zama wuri ɗaya ba. In ya ajiye Muhsin a ofis a Al-Sadd, sai ya fito daga mota, ya zaga ta, ya koma ciki, ya sake fitowa. Abinci ma cokali biyu yake yi ya ture.

Ranar Lahadi ya je wurin Desmond, mutumin Kafanchan, makanikin injinan jiragen ruwa, wanda suke gida ɗaya a Fereej Abdel Aziz. Ya nuna masa hotunan notocin a waya, ya kuma gaya masa abin da Muhsin ya ce kan harafin A na farantin.

Desmond ya daɗe yana kallo. "Malam Uwais, harafin ba ƙarya ba ne. Amma labarin yadda aka ƙera jirgin yake bayarwa, ranar da ya fito daga kamfani. Shekararsa nawa?"

"Goma sha tara."

"To ka ji. Farantin bai san ko jirgin ya taɓa dukan dutse ba. Waɗannan notocin su ke riƙe da ƙarfen nan mai nauyi na ƙasa, wanda ke hana shi kifewa. In ya cire, kafin ka yi salati kuna cikin ruwa. A ɗaga shi a duba."

Washegari, suna tsaye a danja shi da Muhsin, Uwais ya daure ya ce, "Mudir, ruwan teku na shiga jirgin nan ta ƙasa. Ni dai ba zan hau ba sai an ɗaga shi an duba."

"A ne fa! Takardarsa na hannuna. Kai direba ne ko injiniya?"

"Direba ne. Amma na lasa ruwan."

Muhsin bai ƙara ce masa uffan ba har kwana biyu. Uwais ya tabbata za a sallame shi. Sau uku yana ɗaga waya zai gaya wa matarsa Haulat, sau uku yana fasawa.

Ranar Laraba da hantsi Muhsin ya shiga mota ya ce, "Yalla, tashar jirage."

Injin ɗagawa ya ciro jirgin ya rataye shi a sama. Inda ƙarfen ƙasan ya haɗu da jikin jirgin akwai tsaga mai tsawon kamu ɗaya, ruwa mai tsatsa na tsiyaya daga ciki. Wani ma'aikaci ya sa kafaɗa ya tura ƙarfen. Ya motsa.

Muhsin ya tsaya cikin rana, gumi na zuba masa, yana kallon tsagar. Can ya tambayi ma'aikatan tsawon lokacin da gyaran zai ɗauka, suka ce wata biyu, in an yi sa'a.

Ya juyo wajen Uwais. "Wa ya gaya maka zancen notocin nan?"

"Wani ɗan ƙasarmu ne, makaniki."

"Ka kawo min shi gobe. Kai kuma kullum ka ajiye ni a ofis, nan za ka wuto, ka sa musu ido har su gama."